Yadda ake tsara hanyar imel tsakanin sabobi da ƙofofinsu a Postfix

Duk saƙon da ya shigo hannun Postfix, manhajar da ke karɓa da aika imel a kan sabar, tambaya ɗaya yake amsawa a kansa: wace na'ura zan miƙa wa, kuma ta wace ƙofa? Ƙofa a nan lamba ce da na'ura ke sauraren masu kiranta ta cikinta. Da yawa daga cikin ƙorafin "imel ba ya zuwa" da ake kai wa masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Kaduna, amsar wannan tambaya ce ta karkace a wani wuri. Don haka kafin ka buɗe kowane fayil, ɗauki takarda ka zana hanyar saƙon da zai shigo da ta wanda zai fita, kowane zango da adireshinsa da lambar ƙofarsa. Wanda ya tsallake zanen nan, a cikin log, wato inda Postfix ke rubuta duk abin da ya faru, zai yi shi daga baya, ma'aikata na tsaye a kansa.

Za mu yi aiki da kamfani mai babban ofis a Kakuri da reshe a Sabon Garin Zariya. Sunan domen da adiresoshin duk na misali ne, ka maye su da naka.

Tsarin da ya dace da yanayinmu

Abu biyu ne ke hana a ajiye sabar imel a ofis ita kaɗai tana fuskantar duniya. Na farko wuta. Na biyu adireshi: layin intanet na kamfanonin waya, da ƙaramin tsarin Starlink, galibi ba sa ba ka adireshin IP naka na kanka, sai su tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Shiga shafin rawutarka ka duba adireshin da aka ba ta daga waje. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, to babu mai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje, ko ka buɗe ta a rawuta.

Mafita ita ce a raba aikin uku:

- Sabar waje: ƙaramar na'urar haya a cibiyar bayanai, suna mx.example.com, adireshi 203.0.113.10. Ba ta ajiye akwatin kowa, karɓa da miƙawa kawai.
- Sabar ofis a Kakuri, inda akwatunan example.com suke.
- Sabar reshe a Zariya, mai riƙe da zariya.example.com.

Sai a haɗa ukun da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓantacciyar hanya tsakanin na'urori ta kan intanet: ta waje 10.8.0.1, ta ofis 10.8.0.2, ta reshe 10.8.0.3. Na ciki su ne za su riƙa kiran ta waje a ƙofar UDP 51820, kuma a saitinsu dole ka sa `PersistentKeepalive = 25`. In babu shi, hanyar za ta rufe da zarar an ɗan yi shiru, sabar waje ta kasa kai saƙo ciki har sai ta ciki ta sake yin magana.

Ƙofofin da za ka yi hulɗa da su: 25 ta tsakanin sabar da sabar ce, kuma ita kaɗai duniya ke kawo maka saƙo ta cikinta, domin bayanin MX, wanda ke faɗa wa duniya sabar da ke karɓar imel ɗin domen, ba shi da gurbin lambar ƙofa. 587 ta ma'aikaci ce mai turo saƙo da sunansa da kalmar sirri, ana fara magana a buɗe sannan a rufe da STARTTLS, wato a ɓoye abin da ake faɗa daga masu leƙe. 465 aikinsu ɗaya, sai dai a rufe ake farawa tun gaisuwa. 993 ta karanta akwati ce ta IMAP. 24 ta LMTP ce, wato miƙa saƙo ga Dovecot, manhajar da ke kula da akwatunan ma'aikata. 2525 kuwa ba wata doka ta ware ta ba, al'ada ce kawai ta mai da ita madadin 25.

Gwada ƙofa 25 kafin ka biya kuɗin shekara

Daga sabar waje:

```
nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25
```

In ta haɗu, madalla. In ta yi shiru har lokaci ya ƙare, mai hayar ya toshe fita ta 25. Wannan ruwan dare ne: Google Cloud na toshe ta, AWS na taƙaita ta sai ka nemi a ɗage. Toshewar fita ba ta hana shigowa, don haka za ka iya ci gaba, amma sai ka bi hanyar 587 da za mu zo kanta a ƙasa.

A DNS, wato kundin da ke haɗa sunaye da adiresoshi a intanet, MX na example.com da na zariya.example.com duk su nuna mx.example.com, shi kuma ya kasance da bayanin A mai nuna 203.0.113.10. Kada MX ya nuna lambar IP kai tsaye, kada kuma ya nuna sunan da yake CNAME, wato laƙabin wani sunan. Bayanin PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, a shafin mai hayar sabar ake sa shi, ba wurin wanda ya yi maka rajistar domen ba. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: mai turo musu saƙo sai yana da PTR da ya dace da sunansa, da SPF ko DKIM, mai turo da yawa kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Ukun nan hanyoyi ne na tabbatar da cewa saƙo daga mai domen ɗin ya fito.

Saitin sabar waje

A /etc/postfix/main.cf:

```
myhostname = mx.example.com
mydestination = localhost
mynetworks = 127.0.0.0/8, 10.8.0.2/32, 10.8.0.3/32
relay_domains = example.com, zariya.example.com
relay_recipient_maps = hash:/etc/postfix/masu_akwati
transport_maps = hash:/etc/postfix/transport
smtpd_relay_restrictions = permit_mynetworks, reject_unauth_destination
message_size_limit = 30720000
```

Lura da mydestination. In ka bar example.com a ciki, kamar yadda tambayoyin girkawa a Debian da Ubuntu kan sa shi, Postfix zai ɗauka akwatunan a wurinsa suke, ya duba bai ga mai sunan ba, ya ƙi saƙon da "User unknown in local recipient table". Domen ɗaya, gida ɗaya: ko mydestination, ko relay_domains, ko virtual_mailbox_domains, ba a haɗa biyu a na'ura guda.

A mynetworks kuma, adireshi biyun nan kaɗai, kowanne da /32. Duk wanda ke cikin jerin nan yana iya tura saƙo ko'ina a duniya da sunanka ba tare da kalmar sirri ba.

Teburin hanya

Nan ne zuciyar aikin. Kamar ɗan kamasho ne a tashar Kawo: ba ya tuƙi, amma shi ke cewa wannan motar Zariya, wancan ta Kano. Fayil ɗin /etc/postfix/transport:

```
example.com           relay:[10.8.0.2]:25
zariya.example.com    relay:[10.8.0.3]:2525
sito@example.com      relay:[10.8.0.3]:2525
tsoho.example.com     error:5.1.2 an rufe wannan reshe
```

Kowane layi, hagu wanda ake aika wa, dama kuma abu uku: hanyar ɗauka, na'ura, ƙofa, sai layin ƙarshe mai error, wanda ƙin saƙon yake yi. Kalmar relay sunan wani aiki ne da ke cikin master.cf. SMTP ne shi ma, amma da yake layinsa daban yake da na saƙonnin fita, cunkoson fita ba ya tare masu shigowa.

Bakan nan mai kusurwa da aka sa adireshi a ciki ba ado ba ne. Yana gaya wa Postfix cewa kada ya nemi MX, ya tafi na'urar nan kai tsaye. Lambar IP dole sai da shi. Suna ma, in ka rubuta `relay:example.com:25` babu baka, Postfix zai tambayi DNS wane ne MX na example.com, a ce masa mx.example.com, ya duba ya ga ai shi ne, sai ya mayar da saƙon da "mail for example.com loops back to myself". Wannan kuskure ɗaya ya fi kowane cin lokacin masu farawa.

Wajen duba teburin, jerin layuka ba shi da tasiri. Postfix na fara neman cikakken adireshi, sannan domen, sannan domen mai ɗigo a gaba irin `.example.com` wanda ke kama duk rassan ƙarƙashinsa, sannan alamar `*`. Shi ya sa sito@example.com ke tafiya Zariya alhali sauran example.com na tafiya Kakuri. Sharaɗi dai sabar Zariya ta san adireshin nan a matsayin nata, in ba haka ba za ta ƙi shi, in kuma an sa sabar waje a mynetworks ɗinta, za ta dawo da shi waje, su yi ta jifan juna da shi har ya cika zango 50, Postfix ya tsayar da shi da "too many hops". Alamar `*` kuwa ka guje ta, domin tana kama har saƙon da na'urar ke aika wa kanta.

Teburin nan ake fara bi kafin relayhost, wato sabar da aka ce a miƙa wa duk saƙon fita. Amma domen da ke cikin relay_domains, in ka manta ba ka sa masa layi a tebur ba, relayhost zai bi in akwai, ya fita waje, ya dawo ta MX, ya sake fita.

Postfix ba ya karanta fayil ɗin rubutun, kwafin da postmap ya gina yake karantawa:

```
postmap /etc/postfix/transport
postmap -q zariya.example.com hash:/etc/postfix/transport
postfix reload
```

Umarni na biyu zai nuna maka abin da Postfix ke gani. In bai nuna komai ba, ko ka manta postmap, ko akwai kuskuren rubutu. Wasu sababbin tsarin Linux sun bar hash sun koma lmdb, don haka duba `postconf default_database_type` ka yi amfani da abin da ya faɗa a ko'ina.

Jerin masu akwati

Fayil ɗin masu_akwati kowane layi adireshi ɗaya ne da OK a gabansa:

```
info@example.com         OK
sito@example.com         OK
kudi@zariya.example.com  OK
```

Kada ka raina shi. In babu shi, sabar waje za ta karɓi saƙon kowane suna da masu turo shara suka ƙirƙira, ta kai ciki a ƙi shi, sannan ta aika sanarwar gazawa ga adireshin bogi da aka rubuta a matsayin mai aikowa. Ba a jimawa adireshinka zai shiga jerin waɗanda ake toshewa. Akwai wata hanya, reject_unverified_recipient, inda sabar waje ke tambayar ta ciki ko akwai mai sunan. Tana aiki a inda wuta ba ta yankewa. A nan kuwa, ranar da sabar ofis ke kashe, adireshin da ba a riga an tantance ba sai a ce wa mai aikowa ya dawo an jima, ga shi dalilin kafa sabar waje shi ne ta karɓa ko ofis na cikin duhu. Jerin da aka rubuta ya fi. Sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa tura shi da rsync, mai kwafar fayil zuwa wata na'ura, daga ofis, ya bi shi da postmap.

Sabobin ciki

A Kakuri:

```
myhostname = akwati.example.com
mydestination = localhost
mynetworks = 127.0.0.0/8
virtual_mailbox_domains = example.com
virtual_mailbox_maps = hash:/etc/postfix/akwatuna
virtual_transport = lmtp:unix:private/dovecot-lmtp
relayhost = [10.8.0.1]:25
message_size_limit = 30720000
```

In Dovecot a wata na'ura yake, sai layin ya zama `lmtp:inet:[10.8.0.4]:24`. Ba a sa sabar waje a mynetworks na ciki, ba ta buƙata, tunda saƙon domen ɗinsu take kawowa. Kowace na'ura kuma da nata myhostname. In ka kwafe main.cf daga wata zuwa wata ka bar suna ɗaya, za ka ga "greeted me with my own hostname" a log, saƙo ya koma.

Iyakar girman saƙo ta zama ɗaya a duka ukun. Asalin saitin Postfix 10240000 ne, kusan megabait 10, kuma fayil da aka maƙala a imel yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Takardar kwangila mai megabait 8 da aka yi sikanin ta sai ta wuce iyakar. In ta waje na karɓar 30 ta ciki na tsaye a 10, saƙon zai shigo ya mutu a tsakani.

Don sabar Zariya ta saurara a 2525, ƙara layi a /etc/postfix/master.cf:

```
2525   inet  n  -  y  -  -  smtpd
```

sannan ka taƙaita ƙofar ga hanyar WireGuard kaɗai da ufw, wato katangar tsaron na'urar:

```
ufw allow in on wg0 to any port 2525 proto tcp
ss -ltnp | grep 2525
```

Ana iya rubuta `10.8.0.3:2525` a farkon layin don ya saurara a adireshin nan kaɗai, amma akwai tarko. Idan aka dawo da wuta na'ura ta tashi, Postfix na iya riga WireGuard tashi, ya nemi adireshin bai same shi ba, ya faɗi da "Cannot assign requested address", kuma ba zai tashi da kansa ba. A ofishin da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareta da inbata sau da yawa a yini, gara a bar katangar tsaro ta yi aikin.

Ma'aikata kuma ta 587 za su riƙa turowa. Cire alamar # daga sashen submission a master.cf, ka tabbata akwai `smtpd_tls_security_level=encrypt` da `smtpd_sasl_auth_enable=yes`, sannan a main.cf ka sa `smtpd_sasl_type = dovecot` da `smtpd_sasl_path = private/auth`. Waɗanda ke aiki daga wajen ofis, hanya mafi sauƙi ita ce a sa musu WireGuard a waya da laftof.

Idan an toshe fita ta 25

Sai sabar waje ta miƙa saƙonnin fita ga kamfanin da ke aika imel a madadin mutane:

```
relayhost = [smtp.example.net]:587
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
smtp_tls_security_level = may
smtp_tls_policy_maps = hash:/etc/postfix/tls_policy
```

A sasl_passwd: `[smtp.example.net]:587 suna:kalmarsirri`. A tls_policy: `[smtp.example.net]:587 encrypt`. Hagun layukan nan dole ya yi daidai da relayhost harafi da harafi, har baka da lambar ƙofa. In ya saɓa, Postfix zai je ba tare da ya gabatar da kansa ba, a kore shi. Yi postmap a kan duka biyun, ka yi `chmod 600` a kan sasl_passwd da kwafinsa.

Da yawa kan sa `smtp_tls_security_level = encrypt` kai tsaye. Illarsa, dokar za ta hau har kan saƙon da ke shiga Kakuri da Zariya, kuma in waɗancan ba su da satifiket, komai zai tsaya da "TLS is required, but was not offered". Shi ya sa muka ware dokar ga mai karɓa ɗaya. In log ya ce "No worthy mechs found", girka libsasl2-modules. In kamfanin 465 kaɗai yake karɓa, ana buƙatar `smtp_tls_wrappermode = yes`, wanda ya zo a Postfix 3.0, kuma shi ma sai a keɓe masa aikinsa daban a master.cf don kada ya shafi hanyar ciki. SPF ɗinka kuma ya ambaci sabobin kamfanin, tunda daga wurinsu duniya za ta ga saƙon ya fito.

Ga mai adireshin IP na dindindin

Ofishin da ke da layin faiba da adireshinsa na kansa yana iya tura ƙofa 25 daga rawuta zuwa sabar ciki, ba sai da sabar waje ba. Sa `proxy_interfaces` da adireshin wajen don Postfix ya gane kansa. Babban haɗarin yana wurin rawutar da ke sauya adireshin mai shigowa ta sa nata. A idon Postfix duk duniya ta zama 192.168.1.1, in kuma 192.168.1.0/24 na cikin mynetworks, ka buɗe wa kowa ƙofar aika shara da sunanka. Duba layin "connect from" a log. In adireshin rawuta kake gani a kowane saƙo, gyara kafin ka yi komai.

Gwaji da karanta log

Daga wata na'ura da ba ta cikin hanyarku, misali laftof a kan datar waya in ba a toshe mata 25 ba, tura saƙon gwaji da manhajar swaks:

```
swaks --server 203.0.113.10:25 --to info@example.com
swaks --server 203.0.113.10:25 --to kudi@zariya.example.com
swaks --server 203.0.113.10:25 --to wani@example.org
```

Na ukun dole a ƙi shi da "Relay access denied". In an karɓa, kashe Postfix nan take ka koma kan mynetworks.

Log yana /var/log/mail.log, ko /var/log/maillog a dangin Red Hat, a Debian 12 kuwa sai `journalctl` in ba a girka rsyslog ba. Abin da za ka nema shi ne `relay=` da `status=`. Layi mai kyau zai nuna `relay=10.8.0.3[10.8.0.3]:2525` da `status=sent`. In ka ga na'ura ko ƙofar da ba ita ka zana a takarda ba, matsalar tebur ce. In ka ga `relay=none`, karanta dalilin da ke biye. "Connection refused" na nufin an isa na'urar amma babu mai saurare a ƙofar. "Connection timed out" na nufin ba a isa ba sam: wuta, WireGuard, ko katangar tsaro, kuma `wg show` zai nuna maka yaushe rabon su gaisa.

Akwai wata cuta mai ruɗarwa: gajeren saƙo na wucewa, mai ɗauke da fayil kuwa sai ya maƙale da "timed out while sending message body". Yawanci girman ƙunshin bayanai ne ya fi ƙarfin layin. WireGuard kan ɗauki MTU, wato iyakar girman ƙunshi, 1420, wasu layukan waya kuma ba sa iya wuce da shi. Sa `MTU = 1280` a ɓangarorin biyu ka sake tayar da hanyar.

Lokacin da ofis ke cikin duhu

Saƙon da bai samu shiga ba yana zama a layin jira na sabar waje. Postfix na sake gwadawa, tazarar na farawa daga daƙiƙa 300 tana ƙaruwa har 4000, wato awa ɗaya da 'yan mintuna, ya kuma haƙura bayan kwana 5 ya mayar wa mai shi. Kwana biyar na iya gazawa in guguwar farkon damina ta kayar da turakun unguwa, ko hutun Sallah ya haɗu da ƙarshen mako babu mai tayar da janareta. Sa `maximal_queue_lifetime = 10d` a sabar waje, ka tabbata faifanta na da wurin ɗaukar saƙon kwana goma.

`postqueue -p` zai nuna maka abin da ke jira da dalilin kowanne. Da wuta ta dawo, ba sai an jira awa guda ba: `postqueue -s example.com` zai tura na Kakuri kaɗai, `postqueue -s zariya.example.com` na reshe. In teburin hanya ka gyara, saƙonnin da ke jira za su bi sabuwar hanyar a gwaji na gaba, `postqueue -f` ya isa. Kada dai ka sa shi a cron yana gudu kowane minti, domin yana tayar da duk abin da ke layin, har saƙonnin da sabobin waje suka ce a dakata da su, kuma yawan ƙwanƙwasa musu ƙofa na sa su ƙara jinkirta naka.